Allunan furoje sun yi tsatsa, asusun mata na nan: wa ke riƙe da raya karkara a Tasawa da Mayahi?

A bakin ƙauyuka da dama na gundumomin Tasawa da Mayahi, abin da ke fara tarbar baƙo shi ne alluna. Wasu sababbi ne, wasu kuma rana ta cinye fentinsu har ba a iya karanta sunan wanda ya ba da kuɗin. Kowane allo na nufin wani furoje ya taɓa sauka a garin, kuma kusan kowane furoje ya bar kwamiti a bayansa: kwamitin famfo, kwamitin bankin cimaka, kwamitin lakwal, kwamitin gidan likita. A takarda, wannan shi ake kira shigar da jama'a cikin aikin raya ƙasa. In aka koma bayan ƴan shekaru kuwa, sau da yawa sai a tarar shugaban kwamitin ya tafi ci-rani, littafin lissafi ya ɓace, famfon kuma yana jiran makanike.

Amma a garin nan dai, ranar da suka saba, mata za su shimfiɗa tabarma a wani gida su yi zubin asusu, ba tare da kowa ya aiko musu mota ko kuɗin zama ba. A gonakin da ke kewaye kuma ga gawo da kalgo da sabara sun tashi, alhali ba wanda ya dasa su. Me ya sa wannan ya rayu, wancan ya mutu?

Tambayar ta ƙara nauyi tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumomin soja da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023 suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Gundumar Mayahi na da ƙananan hukumomi 8, Tasawa na da 7, kuma a ƙidayar 2012 kowace gunduma ta haura mutum rabin miliyan. Wato fiye da mutum miliyan guda ne a nan suka wayi gari babu kansilan da suka zaɓa, wanda za su iya tarewa a kasuwa ko wurin suna su tambaye shi labarin rijiyarsu.

Kira ga jama'a ba yau aka fara ba

Tsofaffin yankin sun ga salon wannan kira iri-iri. Zamanin Diori Hamani an turo ma'aikatan wayar da kan manoma, aka kafa hukumar UNCC a 1962 don ƙungiyoyin haɗin gwiwa, galibi saboda cinikin gyaɗa. Da Seyni Kountché ya zo a 1974 sai aka ɗauki samariya, wadda asalinta ƙungiyar samarin gari ce mai sarkinta, aka mayar da ita ginshiƙin tsarin gwamnati. Samariya ta gina azuzuwa, ta share tituna, ta shuka itatuwa, kuma har yau akwai masu tuna ta da alheri. Sai dai umarni daga sama yake saukowa, kuma da mulkin da ya ɗauke ta ya kau, ita ma ta yi sanyi.

Bayan nan aka shiga zamanin furoje da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kowa da kwamitinsa. A farkon shekarun 2000, kafin a yi zaɓen ƙananan hukumomi, Mayahi na cikin wuraren da asusun FENU na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gwada bai wa wakilan jama'a damar zaɓar ayyukan da za a yi da kuɗin tallafi. Zaɓen farko ya zo ranar 24 ga Yulin 2004, aka kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa. An sake yi a Janairun 2011, sannan a Disamban 2020.

Duk waɗannan tsare-tsare sun yi tarayya a abu guda: wani ne daga waje ke zuwa da fasalin ƙungiyar a cikin jakarsa, da shugaba da magatakarda da ma'aji, ya ce a cike guraben kafin la'asar domin motar za ta koma. Gari kuwa ba ya ƙin baƙon da ya zo da alheri. Sai maigari ya ba da ƙanensa, liman ya ba da ɗansa da ya yi boko, a nemo mata biyu saboda takarda ta ce dole a sa mata. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, waɗanda suka shafe shekaru suna bin diddigin mulkin ƙananan hukumomi a Nijar, sun sha nuna yadda irin waɗannan kwamitoci ke faɗawa hannun masu faɗa a ji na gari, da yadda akwatin kuɗinsu ke zama tushen zargi da rigima.

Asusu da sassabe

Abubuwa biyu da jihar Maradi ta yi suna da su a duniya ba ta wannan hanya suka bi ba.

Na farko shi ne Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi a ƙauyukan jihar Maradi, kuma ba ta kawo jari ba. Abin da ta tarar a hannun mata ta gyara. Matan Hausa sun daɗe da sanin adashi da biki: yau ki kai wa wata gudunmawa, gobe ta rama miki da ƙari. Bambancin shi ne a adashi kuɗin na zagayawa, kowa ta kwashe nata in layinta ya zo, a asusu kuwa kuɗin na taruwa a akwati, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan abin da aka amince a kai, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Mata ashirin zuwa talatin ne, sun san juna, sun san gidan kowa, ana ƙirga kuɗin a gaban idon kowa. Wadda ta ci bashi ta ƙi biya ba furoje ta cuta ba, maƙwabciyarta ta cuta, kuma za su haɗu a bakin rijiya da safe. Wannan kunyar ta fi kowace takardar yarjejeniya ƙarfi. Daga nan tsarin ya bazu cikin Nijar, ya tsallaka zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Abin da ba a zata ba shi ne asusun ya zama makarantar magana a bainar jama'a. Matar da ta saba jagorantar taro duk mako, tana yanke hukunci kan tara da bashi, ba ta cika jin tsoron tsayawa gaban maza ba. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta ware musu akalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, kuma cikin matan da suka cike waɗannan kujeru a majalisun karkara akwai waɗanda daga tabarmar asusu suka taso. Rusa majalisun ya rufe musu wannan ƙofa, aƙalla a yanzu.

Na biyu shi ne sassaben zamani. A da, manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta fita fes, ba kututture ba toho. Ga kuma doka da ta mayar da itace na gwamnati: ma'aikacin gandun daji na iya cin mutum tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. To wa zai wahala ya rena abin da ba nasa ba, wanda ma zai iya jawo masa tara? A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ɗin SIM a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, tohon itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe ɗaya zuwa kaɗan a kowane kututture, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai ya zama bishiya. Lokacin yunwar 1984, wadda mutanen yankin ke kira El Buhari, an haɗa wannan aiki da rabon cimaka. Da rabon ya ƙare, da yawa sun sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba kuwa maƙwabta suka ga suna samun itacen girki, da harawar dabbobi, ga iska ba ta binne musu shuka da rairayi. Daga gona zuwa gona abin ya yaɗu. Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou sun ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5, galibi a jihohin Maradi da Damagaram.

A nan ma akwai kwamiti, amma bayan bukata ya zo. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye mai maƙwabtaka da Tasawa, sai da itatuwa suka girma aka fara satarsu da dare, sannan mutanen gari suka kafa masu sa ido, da maza da mata da wakilan makiyaya, suka tsara tararsu. Gwamnati daga baya ta biyo: dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sai kuma a Yulin 2020 aka fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Kusan shekara arba'in ke nan tsakanin aikin da takardar.

Gulbin Kaba, inda abin ya fi wuya

Asusu na mutum talatin ne, sassabe kuma a gonar mutum yake. Gwajin gaske yana wurin da dukiyar ta kowa ce, kuma a wannan yanki babu misalin da ya kai Gulbin Kaba, tsohon kwarin da ya ratsa Tasawa da Mayahi, wanda ruwa ba ya gudana a mafi yawansa sai dai danshin ƙasa. Sunansa ma daga ganyen goriba ya samo shi.

Goriba ba ta da abin yarwa. Ana cin ɓawon ƴaƴanta, ana hura wuta da ƙwallon, ana rufin ɗaki da gangar jikinta, da kabar kuma ake saƙa tabarma da igiya da malafa. Ga mata da yawa na ƙauyukan bakin gulbi, kaba ita ce kuɗin cefane a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Matsalar ita ce ganyen da ya fi kyau don saƙa shi ne ɗanye na ƙananan tsirrai. In ana yanke shi ba hutu, tsiron ba zai taɓa yin ganga ya zama bishiya ba, zai zauna a ƙasa kamar kurmi. Tsofaffin goribobi na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na bayansu ba sa tasowa. Mai wucewa zai ga kore ko'ina ya ɗauka lafiya lau, alhali dajin tsufa yake yi babu magaji.

A shekarun 2000 wani shirin kula da dazuzzuka da Bankin Raya Afirka ya tallafa ya yi ƙoƙarin tsara cinikin kaba a yankin Mayahi, da wuraren saye da sayarwa na musamman da ƙungiyoyin masu yanka, tare da koya wa manoma su ware ƴan tsirrai a kowane gindi su bar su su girma. A cikin gona wannan na da sauƙin fahimta, domin mai gonar ya san shi ko ɗansa zai ci amfanin. A filin kiwo na tsakiyar kwari kuwa, matar da ta ɗaga wa tsiro ƙafa yau ba ta da tabbacin wata ba za ta yanke shi gobe ba. Ga makiyayi da ke bukatar wurin ya zauna a buɗe don dabbobinsa, ga manomin da gonarsa ta yi masa kaɗan yana ɗan turo shuka cikin burtali duk damina, taku ɗaya taku biyu. Taron gari guda ba zai warware wannan ba, tun da gulbin ya ratsa garuruwa da yawa da ƙasar sarakuna fiye da ɗaya. Irin wannan wuri ne ke bukatar hukumar da ta fi ƙauye girma amma ba ta yi nisa kamar Yamai ba, kuma don haka aka ƙirƙiro ƙaramar hukuma tun farko.

Al'adar ma tana da waɗanda take bari a waje

Akwai masu jin wannan bayani su ce to ai shi ke nan, a koma wa gargajiya. Gaskiya ne ƙasar Hausa ba ta jira furoje ba kafin ta san aikin haɗin kai. Gayya na nan: a kira samari su taya mai rauni noma, a ciyar da su, makaɗi na zuga su. Akwai sarautun sana'a, na noma da na maƙera da na pawa. A al'adar Azna ta wannan yanki, manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da hatsi mai yawa, sannan a kira shi sarkin noma. Girma a wurin rabawa yake, ba a wurin tarawa ba.

To amma wa ke zama a ƙofar maigari in ana yanke shawara? Masu gida ne, maza, waɗanda kakanninsu suka sari daji. Matar aure, da saurayin da bai yi gidan kansa ba, da Bafulatani ko Buzun da ke zaune a rugar bayan gari ko da ya shekara talatin a wurin, sau da yawa sai dai su ji abin da aka yanke.

Batun gamana ya isa misali. A tsarin gandu, mai gida na ba matarsa da ƴaƴansa samari ɗan fili su noma na kansu a ranakun da ba na gandu ba, kuma abin da mace ta samu a gamanarta nata ne. Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka yi ta rabuwa wurin gado har suka zama ƴan ƙanana, gamanar mace ce farkon abin da ake janyewa. Wani bincike da Marthe Diarra da Marie Monimart suka wallafa a 2004 kan kudancin Nijar ya nuna yadda ake fitar da mata daga noma sannu a hankali, wani lokaci a fake da kulle, alhali ainihin dalilin shi ne babu filin da za a ba su. Abin lura shi ne mata da yawa da suka tashi neman haƙƙinsu ba da dokar boko suka kafa hujja ba. Da rabon gado na Musulunci suka kafa, wanda ya ba ɗiya rabin kason ɗa, inda a da akan ce mace ba ta gadon gona. Wato cikin abin da jama'a suka yarda da shi suka samo makamin gyara al'adar.

Ta ɓangaren makiyaya kuma, jihar Maradi ba ta manta da Toda ba, a yankin Gidan Rumji, inda a Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta zo da hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. A ta ƙauye maigari ne shugaba, amma doka ta ce a zauna da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, a rubuta ciniki da aro da jinginar gona, a shata burtali. Dabara ce mai kyau, domin ba ta ture sarauta ba, ta dai ƙara tabarmi a fadar. Inda take aiki, takardar shaida ɗaya na kashe rigimar da a da sai an kai ta gaban alƙali. Inda ba ta aiki, dalilin bai wuce wanda aka saba ba: furoje ne ya sayi rajista da tambari, da ya tafi ba a sake sayen ko alƙalami ba.

Kuɗi, da wanda za a tambaya

Ko lokacin da majalisun ke nan, bai kamata a yi musu kwalliyar da ba su da ita ba. Kowace ƙaramar hukuma na da kundin tsarin raya ƙasa na shekara biyar, PDC, wanda a ƙa'ida daga tarukan ƙauyuka ake tattaro shi. Sau da yawa ƙwararre ne ake ɗauka ya rubuta da Faransanci, harshen da akasarin masu zaɓe, har da kansiloli da dama, ba sa karantawa. Muhawara a zauren majalisa da Hausa ake yi, takardar da za a sa wa hannu kuma da Faransanci, kuma a tsakanin biyun nan abubuwa kan ɓace. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kuɗin da za a yi aikin bai biyo da saurin da nauyin ya zo ba. Abin da ƙaramar hukumar karkara ke dogaro da shi, harajin kai da masu gari ke tarawa da kuɗin kasuwa, sau da yawa da ƙyar yake wuce albashi da man mota. Talaka kuma na cewa bai ga abin da aka yi da na bara ba, don me zai biya na bana.

Duk da haka, akwai abin da zaɓe ya kawo wanda ba a raina shi. Manomi daga Kanan Bakashe ko Urafan ko Korgom ya san sunan kansilansa, ya san gidansu, ya san kuma zai dawo neman ƙuri'a. Sarakuna na zama a majalisar suna ba da shawara ba tare da jefa ƙuri'a ba, don haka iko biyu ke kallon juna. Kantoma, ko da ya fi magajin garin da ya gada ƙwazo da tsare amana, wanda ya naɗa shi yake bai wa bahasi. Masu goyon bayan sauyin na cewa majalisun sun zama filin rabon ganima na jam'iyyu, kuma ba a rasa inda zancensu ke da gaskiya. Sai dai wannan bai amsa tambayar matar da ke yankan kaba ba: in an hana ta shiga wani yanki na gulbi, ko an ƙara mata haraji a kasuwa, wurin wa za ta kai kuka, kuma da wane harshe?

Abin da ya rage a hannun jama'a yanzu shi ne waɗancan tsare-tsare da ba su dogara da zaɓe ko furoje ba: ƙungiyoyin asusu da haɗakarsu, masu sa ido kan itatuwa, hukumomin filaye na ƙauye, fadar maigari da ta sarki, masallaci, da gidajen rediyon karkara da ke watsa shiri da Hausa. Kantoman da ya kira su kafin ya tsara kasafin kuɗi, ya sa aka karanta shi da Hausa a gaban jama'a, zai samu masu biyan haraji da masu gadin aikin. Babu dai abin da ke tilasta masa yin hakan kamar yadda ƙuri'a ke tilasta wa kansila.

Za a iya gane inda aka dosa tun daga kaka mai zuwa. Duk shekara bayan girbi hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki, ranar da dabbobi za su iya shiga su ci kara. In an yi ta da wuri, mai wake da bai gama ɗauka ba ya yi asara. In an makara, garken da ya gangaro daga arewa ya rasa inda zai tsaya, sai ya faɗa gonar wani. A ƙa'ida sai an ji ta bakin sarakuna da wakilan manoma da na makiyaya kafin a sa ranar, kuma a garuruwan bakin Gulbin Kaba kowa zai san ko an kira ardo zaman, ko kuwa a rediyo ya ji sanarwa.